Likita ba ya buɗe inji

Yayana bakaniken babur ne, kuma tun ina budurwa masu haya da babur suke ce masa Likita. Rumfarsa tana kallon ƙofar gidan da nake zaune tun rasuwar maigidana, Allah ya ji ƙansa. Abin da zan faɗa a kan idona ya faru.

A cikin injin babur akwai wata 'yar sarƙa da suke kira taimin cen, da wani madanni da ke tokare ta kada ta yi sako-sako. Idan madannin ya cinye, sarƙar sai ta fara kaɗawa, wata rana ta tsallake haƙori ta lalata inji. Sauran kanikawa kwance noti suke yi su zaro shi, su danna da babban yatsa su ga ko yana dawowa, su duba ramin da sarƙa ta ci a jikin robarsa. Yaya ba ya haka. Doguwar sukundireba yake ɗorawa a jikin inji, ya kara mariƙinta a kunne, ya lumshe ido, sai ya ce wannan da saura, wannan a canza yau. Da kunnen nan ya gina gida, ya aurar da 'ya'yansa. Yakan ce mai kwance inji kafin ya san cutarsa mahauci ne, masu haya su yi ta dariya.

Ni na fara lura. Sai in yi sallama a bayansa bai amsa ba. Ana kiran salla yana zaune, sai ya ga mutane sun miƙe sannan ya nemi buta. Daga baya na ga ya daina kai mariƙin kunne, a haƙori yake cije shi, ya ce wa masu haya sabon salo ne.

Ranar da na kai masa abinci babu kowa a rumfar, na tsaya a gabansa inda zai ga bakina, na ce ya riƙa zaro madannin yana dubawa kamar kowa, tunda idonsa da hannunsa lafiya lau. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Auta, ranar da na kwance noti don in duba, ranar kowa zai sani."

Na ce ai ba laifi ba ne, tsufa ne. Ya ce in bar kwanon in tafi.

Babban ɗana haya yake yi da babur, shi ke ciyar da gidanmu. Ya kawo wa kawunsa babur ɗin, ya ce yana jin wani kacau-kacau da safe. Yaya ya ciji mariƙi, ya lumshe ido, ya ce da saura. Na hana yaron, na ce ya kai a buɗe. Ya ce shi ba zai kunyata kawunsa a gaban mutane ba. Mako bai zagayo ba sarƙar ta tsallake yana ɗauke da fasinja. Allah ya tsare rayukansu, amma injin ya tashi aiki. A ƙasa ya turo babur har rumfar, bai ɗaga murya ba. Wani bakanike daga bayan layi ne ya zaro madannin, robar ta cinye har ƙarfe ya fito, aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu.

Babu wanda ya zagi Yaya. Har yanzu masu haya suna zuwa, su rusuna, su ce Likita a taɓa mana. Ya saurara, ya faɗi abin da ya faɗa, su yi godiya da ƙarfi. Sai su tura babur su sha kwana zuwa bayan layi a buɗe. Ɗana ma haka yake yi.

Kwanaki na ce masa ko ya rufe rumfar ya huta, 'ya'yansa za su riƙe shi. Bai kalle ni ba, yana kallon wani mai haya da ke shan kwanar.

"Sun ɗauka ba na ganinsu, Auta. Kunne ne ya tafi."

Washegari ya buɗe rumfa da sassafe, ya share gabanta, ya zauna.