Dago Mai Turi da Gadon Bakin Taga

Idan ka shigo layinmu a garin Bayamo ka tambayi gidan Dagoberto, mutane za su tsaya suna kallon juna. Ka ce Dago mai turi, nan da nan za a nuna maka taga. Mijin yayata Onelia ne, kuma bango ɗaya ya raba gidajenmu: ni ina sayar da kofi ta tagata, shi yana karɓar wayoyin mutane ta tasa yana tura musu abubuwa a ciki. Don haka abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi ba, da idona na gani.

Asalinsa ma'aikacin sikeli ne a masana'antar sukari. Ya yi ta auna rake har ranar da aka rufe masana'antar aka ce kowa ya kama gabansa. Ya yi gyaran fanka, ya tuƙa keken haya har gwiwarsa ta ce ta gaji. Da ɗansa Reinier zai tafi ƙasar Uruguay ya bar masa tsohuwar kwamfuta, wadda sai an tokare murfinta da gwangwanin madara take tsayuwa. Lokacin ne aka kawo intanet dandalin tsakiyar gari, kowa ya koma tsugunne ƙarƙashin bishiya yana ɗaga waya sama yana kiran sunan ɗansa. Dago ya ga yadda datar mutane ke ƙonewa a banza, ransa ya ɓaci, daga nan sana'a ta samu.

Halin sikeli bai bar shi ba. Duk manhajar zumunta da ta fito sai ya auna ta kafin ya sa wa kowa a waya. Wurin gwajinsa bayan gidanmu ne, kusa da kejin kaji, inda sabis ya fi ko'ina lalacewa a layin. Zai tsaya can ya kira ni, ni kuwa ina tsakiyar tace kofi.

"Idalmis, kina ji na?"

"Ina jin ka ta katanga, tsoho. Wayar dai ba ta ce komai ba."

"To ta faɗi," in ji shi, ya goge ta.

Bai taɓa kiran manhajojin da sunansu na gaskiya ba. Akwai Akuya, wadda ke cin data ko wayar tana aljihu. Akwai Uwar Gulma, mai gaya wa duniya ƙarfe nawa ka shiga da kuma cewa ka ga saƙo ka ƙi amsawa. Akwai Jaki, mummuna ce, ga nauyin jiki, amma ko a kejin kaji tana kai murya inda aka aike ta. Wata rana Migdalia mai gyaran gashi ta zo ta ce sai ya sa mata Akuya, wai duk ƙawayenta suna ciki.

"Zan sa miki," ya ce. "Amma ranar Lahadi in 'yarki ta kira, ki ce ƙawayenki su amsa."

"Kai dai ka cika baƙin ciki, Dago."

"Na ji. Jaki ko Akuya?"

Ta tafi da Jaki tana ƙunƙuni.

Ɗaya rabin aikinsa kuwa karatu ne. Duk Litinin da sassafe yakan tafi dandali da kwamfutarsa da gwangwanin madararsa, ya bi shafukan da mutane ke rubutu a kai, wannan na girki, wancan na kiwon zomo, wani na surutun banza. Wanda ya ga yana da amfani sai ya kwafe shi gaba ɗaya ya dawo da shi gida. Duk wanda ya kawo waya, zai tura masa, da ɗan bayani a sama: wannan ki karanta, wancan mai shi ya iya baki amma bai taɓa dafa wake ba. Maganarsa kullum guda ce. "Kada ku buɗe da kanku, na buɗe muku. Data ta jin muryar 'ya'ya ce." Mun ɗauki maganar nan kamar doka, domin gaskiya ce, kuma domin ta yi mana daɗi.

Ana haka Onelia ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta ya shanye. Reinier ya yi kuka a waya, ya aiko abin da ya samu, amma kuka ba ya juya mara lafiya a gado. Dago ne ke ɗaga ta, ya wanke ta, ya ba ta abinci a baki, ni ina kama masa in na samu sarari. Cikin 'yan watanni mutumin nan ya zube. Bayansa ya riƙe, ya daina tsokanata, in na ce masa tsoho sai ya ce haka ne. Abin ya dame ni ƙwarai, don Dagon da ba ya rama magana ba Dago ba ne.

A cikin wannan hali ya ci karo da wani shafi mai suna Gadon Bakin Taga. Mai rubuta shi wani Eusebio ne, tsohon direban jirgin ƙasa a can garin Sagua, wanda matarsa ta daɗe a kwance. Ba hoto, ba ado, rubutu ne kawai. Yadda za ka ninke zanin gado ka sa ƙarƙashin mara lafiya, ka juya shi ba tare da ka karya bayanka ba. Abin da za ka yi in an ɗauke wuta fanka ta tsaya, zafi ya fara cin fatar wanda ba ya iya motsi. Yadda ake wanke gashi a kwance da kwano ɗaya na ruwa. Akwai kuma wani rubutu da Dago ya karanta mini a tsaye bakin tagata, inda Eusebio ya ce wata rana yakan ji ya tsani matarsa, ya tsani numfashinta ma, sai ya fita tsakar gida ya zauna kan bulo har abin ya wuce, ya dawo ya shafa mata mai a ƙafa. Ya ce wanda ya ji haka kada ya ɗauka shi mugu ne, gajiya ce. Dago ya gama karantawa ya daɗe yana goge gilashinsa da bakin riga, ni kuma na yi kamar ina neman cokali.

Daga ranar, ba wayar da ta bar tagarsa ba tare da Eusebio a ciki ba. Kuma garinmu ya dace da shi, don matasa sun watse, tsofaffi ne ke jinyar tsofaffi. Migdalia ta koyi juya mahaifiyarta da zanin gado. Wata ma'aikaciyar jinya ta karɓa ta rarraba wa iyalan marasa lafiyarta. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, har unguwannin da ba su san Dago ba. A layin burodi sai ka ji mace tana cewa, "Ai Eusebio ya ce kada a sa hoda, tana toshe fata," ta kusa da ita ta ce ita ma ta karanta. Ni kaina na san sunan matarsa, Caridad, na san ba ta son miyar kabewa, kamar maƙwabciyata ce.

Wata Litinin Dago ya dawo daga dandali da wuri. Bai shiga gida ba, ya zo ya jingina da tagata, fuskarsa ba daɗi.

"Me ya faru? Caridad ce ta rasu?"

"A'a. Karanta."

Ya juyo mini da kwamfutar. Rubutun gajere ne. Eusebio ya ce ya daɗe yana wannan abu, yana takawa har dandalin garinsu da ƙafarsa mai ciwo, yana ƙona datar da ya kamata ya kira jikokinsa da ita. Ya ce shafin yana nuna masa masu leƙowa, kuma tun da ya fara, in ka cire shi kansa, mutum ɗaya ne tak: wani daga Bayamo da ke shigowa ranar Litinin ya fita bai ce uffan ba. Ya ce ya gane magana yake yi da bango, kuma ya gaji. Ya rufe da cewa, "Kai na Bayamo, ko wane ne kai, na gode da leƙowa. Da ka ce mini ko sannu ne, da na ji daɗi."

Na ɗago na dubi Dago. Wallahi haushi ne ya fara kama ni kafin tausayi.

"Shekara da shekaru kana shiga gidan mutum kana kwasa, ko sallama ba ka taɓa yi ba?"

"Ban san yana gani ba," ya ce. "Ni dai na ɗauka irin wannan rubutu, duniya ce ke karantawa. Wa zai kula da sannuna?"

"To ga duniyar nan a layin burodi."

Ya rufe kwamfutar, gwangwanin ya faɗo ya gangara cikin kwata, bai ko bi shi da kallo ba.

Washegari ya soma abin da bai taɓa yi ba. Duk wanda ya kawo waya sai ya roƙe shi ya buɗe shafin da kansa, da datarsa, ya rubuta wa Eusebio ko layi ɗaya, ko mutumin zai ga akwai jama'a ya ci gaba. Dagon da ya hana gari buɗe shafi, yau shi ke bin mutane yana lallashi. Ina daga tagata ina jin yadda ake yi da shi.

"Haba Dago, ba kai ka ce data ta 'ya'ya ce ba?" in ji Migdalia.

"Ni na faɗa. Wannan ba zai ci komai ba, rubutu ne zalla."

"Haka ka ce Akuya ma take farawa."

"Migdalia, wa ya koya miki juya Mama?"

Ta ce to, in Lahadi ta wuce, in wani abu ya rage. Ban ce ƙarya take yi ba. Na san Lahadi ba ta rage komai.

Wasu sun yi niyya da gaske. Ma'aikaciyar jinyar ta tafi dandali aka ɗauke wuta, sabis ya tafi da ita. Wani dattijo ya buɗe, ya rasa inda ake rubutun, ya dawo yana faɗa wai an sa shi asara. Da yawa kuwa sun ce ba su san me za su ce wa mutumin da ba su taɓa gani ba, alhali sun san kalar bargon matarsa. Ni na rubuta, Migdalia ma daga baya ta rubuta, da wasu 'yan kaɗan. Dago ya zauna ya rubuta nasa mai tsawo. Ya gaya masa shi ne na Bayamo, ya gaya masa labarin Onelia, da layin burodi, da yadda rubutunsa ke yawo a wayoyin da ba su taɓa shiga shafinsa ba, ya ce laifin nasa ne, ya nemi gafara. Ya karanta mini kafin ya aika, na ce ya cire inda ya maimaita ban-haƙuri, ya ƙi.

Da ya aika, wani ɗan rubutu ya fito a ƙasa: saƙonka yana jiran amincewar mai shafi. Nawa ma haka ya ce, na Migdalia ma haka. Wato sai Eusebio ya shigo ya gani kafin su bayyana, shi kuwa ya riga ya ce ya daina shigowa. Dago ya nemi wanda ya san wani a Sagua, aka ce za a tambaya, aka tambaya, aka ce tsofaffin direbobin jirgi masu mata a kwance ai ba ɗaya ba ne. Zuwa da kansa kuwa ba zancensa, wa zai bar wa Onelia kwana biyu.

Har yanzu yana zuwa dandali ranar Litinin. Shafin farko da yake buɗewa ke nan, kuma rubutun yana nan yadda yake, yana jira. Ya ci gaba da auna manhajoji a kejin kaji, sai dai yanzu duk shafin da ya kwafo, sai ya bar wa mai shi sannu kafin ya fita, ko da na kiwon zomo ne. Na ce masa yanzu kuma ka zama mai gaisuwar gari. Ya ce eh, a makare.

Kwanan baya wata mata ta zo tagarsa, ba 'yar unguwarmu ba ce, idonta duk ya faɗa. Ta ce mahaifinta ya faɗi a banɗaki, an sallamo su daga asibiti, ba ta san ta inda za ta kama shi ba.

"An ce kana da Eusebio."

"Ina da shi. Amma da za ki buɗe da kanki..."

Ta miƙo wayar. Gilashin a fashe, an ɗaure bayanta da roba. Ta ce ba ta da data tun watan jiya, ɗanta bai aiko ba tukuna. Dago ya juya wayar a hannunsa, ya dube ni, ni kuma na dubi tukunyar kofina. Ya jona ta da kwamfuta ya tura mata duka, tun daga zanin gado har zaman kan bulo.

"In kin samu data wata rana, ki shiga ki ce masa kin karanta," ya ce.

"To," in ji ta, irin to ɗin da kowa ke cewa.

Tana tafiya Onelia ta buga cokali a ƙarfen gado, alamar ɓarin da take kai ya gaji. Dago ya tashi yana dafe da ƙugu, ya ce in zo in kama masa. Na rufe tagata na zagaya. Ya riƙe bakin zanin ta wajen taga, na riƙe ta wajen bango, muka juya ta a hankali yadda Eusebio ya ce a yi.