Gorar Man Inna

Inna ba ta yar da komai. Gwangwanin madara, murfin da ya rasa tukunya, igiyar buhu, duk suna da mazauni a ƙarƙashin gadonta. In ka taɓa, ka taɓo faɗa.

Shekarar da aka tura maigidana kwas, na koma wurinta a Anka da 'yata mai shekara biyu. 'Yar fari ce, ba na kama sunanta, kuma kunya ba ta barina in yi rawar jiki a kanta. Inna ta karɓe ta ɗungurungum. Kowace hantsi sai ta yi mata wanka, ta miƙe ƙafafu a tabarma, ta ɗora ta, ta mulke ta da man shanun da wata ƙawarta Bafillatana ke kawowa. Yarinya na ƙyalƙyala dariya, Inna na ce mata, "Tsaya mana, ƙawata, mummuna!"

Ana nan sai ƙuraje suka feso mata a bayan gwiwa da wuya. Fatar ta yi ja, ta bushe, ta fara tsagewa, tana susa har jini. Lokacin nan maganar gubar dalma ta cika ƙasarmu, tun abin da ta yi wa yaran ƙauyen Abare. Na tsorata ƙwarai, ina kuka a bayan rumbu don kada a ga 'yar fari ta sa ni hawaye.

Inna ko a jikinta. "Bushewa ta kawai. A ƙara mai."

Aka ƙara mai. Safe, rana, la'asar. Yarinya tana sheƙi kamar gyaɗar da aka soya, ƙuraje kuwa sai gaba suke.

A asibiti aka auna jininta, babu dalma. Malamar asibitin ta ce mu kawo duk abin da ke taɓa jikin yarinyar. Washegari Inna ta jere sabulu, soso da zane a tebur, sannan cikin alfahari ta dire wata farar gora mai jan murfi, wadda take ajiye man a ciki. Malamar ta juya ta. An kankare takardar, amma ga hoton tsutsar wake nan a gefe.

"Inna, wannan ai gorar maganin feshi ce."

"Sau ukku niw wanke ta, har da toka!"

Malamar ta ce roba tana shanye magani, mai kuma yana jawo shi. Fatar yaro ba ta da kauri, in ta tsage guba ta sami ƙofa, daga nan jiki ya riƙa bore.

Na so in yi dariya, na ga fuskar Inna na fasa.

Cikin mako biyu fata ta fara lafawa. Amma Inna ta daina wankan. Ta ce hannunta ne ya cuci ƙawarta. Ni nake yi, yarinya na tsala ihu kamar ana yanka ta.

Ran nan da hantsi ta zille mini tsirara, jiki na ɗigar ruwa. Ta ɗauko sabon kwanon mai, ta dangwara shi a cinyar Inna, ta haye, ta miƙa ƙafa.

Inna ta daɗe tana kallon kwanon. Ta shinshina shi, ta leƙa gindinsa ko akwai hoton tsutsa. Sannan ta lakato.

"Tsaya mana, mummuna," ta ce.