Tumbin Rago a Gindin Dutse

Rubuta yadda na faɗa, 'yata, kada ki gyara mini. In kin ga na yi shiru, kuka ne, ki jira ni.

Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, direban tasi ne, amma ransa na kan duwatsu tun yana yaro a Damagaram. Wani fasinja da ya saba ɗauka daga Annandale, dattijo mutumin Sikotlan, shi ya shigar da shi ƙungiyarsu ta masu hawan dutse. Kowace shekara, in sanyi ya kai sanyi, sukan kama wani gidan katako a duwatsun yammacin Virginia su yi kwana biyu. Ran Asabar su hau, da yamma su yi walimar ƙasar dattijon. Babban abincin tumbin rago ne da ake cusa wa hanta da zuciya da huhu da kitse da wani hatsinsu, a dafa.

Shekara shida Malam, mahaifin naki, yana zuwa bai taɓa ɗanɗana ba, don naman ba yankan Musulmi ba ne. Dankali kawai yake ci. Ya ce mini, "Hajiya, mutanen da na ɗaura igiya ɗaya da su a kan ƙanƙara, a ce ban taɓa sa hannu a akushi ɗaya da su ba?" Sai ya yi musu alkawari, bana shi zai kawo. Ya je gonar da muke yin layya ya yanka rago, ya kawo mini kayan cikinsa har gida a Springfield. Ni ko ganin abincin ban taɓa yi ba.

Ke kika karanta mini takardar da ke bayanin yadda ake girkin. Kin ce a cika tumbin rabi da ɗan ɗoriya. Na ce a raina, wannan rowa ce, mutum ashirin za su ci. Na ɗura shi dam, na ɗaure, muka tafi da shi gidan katakon ni da Malam.

Ran Asabar da hantsi suka kama hanyar dutse. Na tsaya a taga ina kallonsu, maza da mata, har da masu furfura, suna tafe a jere cikin dusar ƙanƙara. In ɗaya ya tsaya, duk su tsaya. Ban ga wanda ya wuce ɗan'uwansa ba. Malam na tsakiya da jar hularsa.

Aka bar ni da matar dattijon, wadda gwiwa ta hana ta hawa. Ba na jin Turancinta, ba ta jin Hausata. Muka ɗora tukunya. Ashe hatsin nan kumbura yake yi. Ba a jima ba na ga tumbin ya tsage ta gefe, cikin ya fara fita. Na ce, "Innalillahi, na kunyata Malam!" Matar ba ta ko ɓata fuska ba. Ta kashe wuta, ta miƙo mini faranti, muka tsamo shi tare yana ƙona mana yatsu. Ta kwashe abin da ya yi yawa da cokali, ta nuna mini da hannu, kamar mai ɗinki. Ina da allura da zare a jaka. Ta riƙe, na ɗinke, muka naɗe shi da farin ƙyalle muka mayar. Awa uku muna gadinsa, tana ba ni shayi, ina ta salati.

Da magariba suka dawo, gemun Malam duk ƙanƙara. Suka jira ya yi salla kafin a zauna. Dattijon ya fito da zane iya gwiwa, wani kuma yana busa algaita mai salka a hammata. Aka ce al'adarsu mai girki ke ɗaukar tiren, a bi bayan mai busa. Na ɗauka na bi bayansa, kowa ya miƙe tsaye.

Dattijon ya zare wuƙa ya shiga yi wa tumbin kirari, da ka, baiti bayan baiti, yana nuna shi kamar wani jarumi. Ban taɓa ganin an girmama abincin talaka haka ba. Da ya sunkuya zai yanka, sai ya ga ɗinkin. Ya tsaya. Ya yi magana, ɗakin ya fashe da dariya.

Na ce, "Malam, me ya ce? Zagina yake?"

Ya ce, "Cewa ya yi wannan ɗan ƙungiya ne na gaske, ya faɗo daga dutse an ɗinke shi. Wai ɗinkinki ya fi wanda likita ya yi masa a ƙafa."

Farantin farko Malam aka ba. Ya yi bisimilla ya kai baki, kowa na kallonsa. Ya tauna a hankali, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya matso kusa da kunnena.

"Hajiya, kin zo da yaji?"

Na zo da shi. Ya barbaɗa, na kusa da shi ya ce a san masa, ƙullin ya zagaye tebur. Suna tari, suna share hawaye, suna neman ƙari.

Sau biyu ya sake zuwa, sannan Allah ya karɓi abinsa. Ranar jana'iza 'yan ƙungiyar su goma sha ɗaya suka tsaya a bakin maƙabarta cikin ruwan sama har aka gama.

Tsaya nan, 'yata. Ba ni ruwa.