Ƙwaryar Mai Fito

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa da shi ba, amma a garinmu can gefen Kebbe babu mai buɗe baki shi ce mani matsoraciya. Ni ka karɓar haihuwa, ni ka wankan gawar mata. Na taɓa fidda kububuwa daga cikin rumbu da muciya, maza na tsaye nesa suna ba ni shawara. In anka ji motsi a bayan ɗaki, ni aka kira. Na ji daɗin wannan suna ƙwarai, ba ni ɓoyewa. Na riƙe shi fiye da yadda ya kamata mutum shi riƙe abin duniya.

Kowa a unguwarmu da abin da shika tsoro, kuma kowa an san nashi. Maigidana, Allah shi jiƙan shi, mutum ne da ke kama bijimi da ƙaho, amma in ya ji masu allura sun shigo gari sai gona ta kira shi. Ba a ganin shi sai la'asar. Aminiyata kuwa, wadda ɗakinta ke jingine da dangarmu, hawainiya ce tata. Ko a bakin wani ta ji sunan sai tsikar jikinta ta tashi. Ita ba ta ɓoyewa. In za mu itace sai ta ce, “Ke shiga gaba, kin san halina.” In shiga gaba ina bugun ganye da sanda, ina yi mata dariya.

“Uwar ɗiya bakwai, abin da bai kai tafin hannu ba!”

“Yi dariyarki,” ta kan ce. “Ke dai da Allah ya yi da ƙarfe.”

Da ta san nawa, da ta rama. Nawa gulbi ne in ya cika, da jirgin da aka fito da shi.

Ina yarinya, a wajen Sanyinna inda anka haife ni, mun shiga jirgi ranar kasuwa ni da innata. Wani mutum ya shigo da akuya, ya ɗaure ta ƙafa fuɗu ya aje a gefe. Da munka kai tsakiya jirgin ya karkata kaɗan, akuyar ta zame ta faɗa. Ko kuka ba ta yi ba. Idonta na gani, yana kallona, ruwa ja ya rufe shi. Mutane sunka yi ta ba mai akuya haƙuri, anka ci gaba da tafiya. Babu wanda ya mutu ranar. Amma tun daga nan in na ga jirgi yana lilo a bakin ruwa sai in ji awa an ɗaure ni ƙafa da hannu. Ban gaya ma innata ba. Da na girma ban gaya ma miji ba. Ko wanki munka je, baya nika ba ruwa.

Allah ya sa aurena ya faɗo inda kasuwa da gona da dangi duk suna wannan gefen, sai na ɗauka an rufa mani asiri ke nan.

Ɗiyata ta fari mace ce. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunan shi, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Da anka yaye ta innata ta ɗauke ta, can ta yi wayo, shi ya sa har ta girma Yaya taka ce mani, awa ni yayarta ce. Ta dawo hannuna tana da shekara tara, siririya, mai shiru, mai lura da komi. Da ta isa aure ta zaɓi wani manomi mutumin kirki daga wajen Fakku. Ban ƙi shi da komi ba sai abu guda, kuma shi ne abin da ban iya faɗi. Garinsu na ƙetaren gulbi.

Da rani gulbin rairayi ne da 'yan kududdufai, ana takawa da ƙafa. Da damina sai jirgi. Akwai hanyar zagaye ta gada, wuni guda a kan babur, amma da ruwa ya zauna ita ma ta yanke.

Nan na yi dabarar da har yau nika jin ciwonta. Na ɗauki kunyar ɗiyar fari na yafa. In an ce, “Ba ki zuwa ki ga ɗakin yarinyar nan?” sai in ɗaure fuska in ce, “Mu ba a yi muna tarbiyyar zarya gidan ɗan fari ba.” Tsofaffi sunka riƙa yabona. Anka riƙa misali da ni ga matan zamani. Kuma don kada wani mai lura shi gane cewa da rani kaɗai nika zuwa, sai na hana kaina zuwa har da ranin. Shekara goma sha tara tana can, sau biyu na taka gidanta.

Ita ce ka zuwa. Kowace damina, in ɗanyar masara ta fito, sai in gan ta ta shigo da goyo, zane jiƙe har gwiwa, da masara a kai. In ce, “Ke ba ki zama ɗakinki?” Ta ce, “Na kawo miki ne, Yaya, kafin ta bushe.” Ta kwana biyu, ta tsefe mani kai, ta koma. Ban taɓa raka ta bakin ruwa ba. A ƙofar gida nika tsayawa.

Shekarar da abin ya faru, a tsakiyar marka ne, ruwa kwana da kwanaki bai ɗauke ba. Ta haihu lafiya, anka yi suna, na aika da daddawa da yaji da turmin zane. Bayan sati biyu surukina ya kira wayar ɗana. Ya ce jiki ya kumbura, numfashi na yi mata wuya, mai magani ya zo ya duba ya tafi. Sannan ya ce, “Tana ta tambayar Inna.”

Washegari da hantsi munka kama hanya ni da aminiyata. Na ɗaura sassaƙe da saiwoyi a bakin zane, irin waɗanda na ba mata da yawa sunka tashi. Tun kafin mu ga ruwan nika jin ƙugin shi. Da munka iso, ya haye gonakin shinkafa, ja wur, yana tafe da itace da karan dawa. Mutane cike a bakin fito, da babura biyu da za a ɗora. Aminiyata ta tattare zane ta shiga ta zauna. Mai fito, wani baƙin dattijo mai faɗin kafaɗa, ya miƙo mani hannu.

“Bismilla, Inna.”

Na ɗora ƙafa guda. Jirgin ya motsa ƙarƙashina. Wallahi ba ruwan na gani ba, idon akuyar nan na gani. Na janye ƙafar.

“Mi ya faru?” in ji aminiyata.

Mata sun fi goma a jirgin, rabinsu ni na karɓi haihuwarsu. Duk ni suke kallo. Kalma uku ce za ta fid da ni, tsoro nika ji. Tana bakina, na haɗiye ta. Na gyara mayafi na ce, “Na sake shawara. Ina anka taɓa ganin uwa ta ruga gidan ɗiyar fari don ɗan ciwo? Sai surukai su ce ba mu da kunya. Ke tafi da maganin, ki jiƙa mata. Ni ka zuwa in an kwana biyu.”

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. “Ke, wagga kunya taki ta isa hakanan. Shigo mu tafi.”

“Na gama magana.”

Wata tsohuwa a jirgin ta ce, “Mutanen da ke nan, Allah shi bar muna irinku.” Na karɓi yabon. Na juya na hau tudu.

Kwana na biyu da la'asar anka samu sabis, ɗana ya kawo mani waya har madafa. Muryar ɗiyata ta yi ƙasa, tana magana tana hutawa.

“Yaya, kin ci abinci?”

“Na ci. Ya jikin?”

“Da sauƙi. Kada ki zo yanzu, kin ji. Ruwa ya yi yawa. Bari shi janye.”

Ta buɗe mani ƙofa da hannunta, ni kuwa na maida na rufe. Na ce, “Wa ya ce miki ruwa ya hana ni? Akwai mai naƙuda a unguwa, shi ya tsaida ni.”

Babu wata mai naƙuda. Na ji ta yi 'yar dariya, tari ya biyo baya. Ta ce, “To, Yaya.” Sai sabis ya ɗauke.

Wannan ƙaryar ita ce magana ta ƙarshe da na yi da ita.

Da gari ya waye na kasa zama. Ban gaya ma kowa ba, na ɗauki mayafi na tafi ni kaɗai. Dattijon nan na nan yana gyara sandar tuƙi. Na matsa kusa da shi yadda ba mai ji, amma muryata ta fito da ƙarfi, kowa ya ji.

“Malam, ɗiyata na can ba lafiya, ni kuwa tsoron ruwa nika ji. Tun ina yarinya.”

Na jira dariya. Ko kai bai ɗaga ba. Ya ce, “Ai da kin faɗa shekaranjiya, Inna. Kullum sai na fid da irinku biyu ko uku.” Ya zaunar da ni a ƙasan jirgi, tsakiya, ba a kan katako ba. Ya miƙo mani wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a baki. “Jirgin na yoyo kaɗan. Ke ka kwashewa. Kada ki dubi gulbi, dubi ruwan da ke gaban ƙafarki. In kin tsaya mu jiƙe.”

Na yi ta kwasa ina zubarwa, ina salati, hawaye na zuba cikin ƙwaryar. Wata yarinya mai goyo ta dafa mani baya. Ban san sadda munka wuce tsakiya ba. Sai ji na yi jirgi ya daki laka, ya ce, “To, mun iso. Kawo ƙwaryata.”

Shi ke nan abin. Shekara sittin ina ɗauke da shi, ashe maganin ƙwarya ce mai ɗinki.

Daga bakin ruwa zuwa garin akwai 'yar tafiya. Ina kusa da shiga na hangi maza suna tahowa daga gabas, jere, da fartanya da magirbi a kafaɗa, ƙafafunsu duk jar laka. Na yi wanka ga mata da yawa, na san daga inda maza ka dawowa hakanan. Surukina na cikinsu. Da ya gan ni ya durƙusa a kan hanya. Ya ce bayan asuba ne ta cika. Sun yi ta neman waya ba ta shiga, hadari kuma ya haɗo, ba su iya jira ba.

Aminiyata ce ta yi mata wanka. Ita da ta yi shekara talatin tana zuba mani ruwa in ina yi ma wasu, ba ta taɓa sa hannu ba sai ranar. A ɗakin ta same ni zaune bakin gado, jaririn na hannun kakarshi ta wajen uba. Ta zauna, ta kama hannuna.

“Ta bar miki magana. Ta ce kada kowa shi ga laifinki. Ta ce tun tana shekara tara ta sani. In kun je wanki kina ba ruwa baya, kina riƙe mata hannu har shi yi shaida.” Ta share ido da bakin zane. “Ta ce masarar nan ma, ai kuna da taku a gona.”

Muna da tamu. Kowace shekara muna da tamu, har ta fi tasu. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin haka ba.

A ɗakin nan na kira sunanta, karo na farko tun ranar da anka raɗa mata shi. Bakina bai saba ba, sai ya fito a karkace.

Yanzu shekara shida. Ɗiyanta biyar na can, ƙaramin ya fara bin awaki. Kowace damina in masara ta fito nika karya ta in ɗaura in tafi. Tsoron bai tafi ba, kada wani shi ce maku yana tafiya. Tun daga tudu nika fara salati. Dattijon ya bar tuƙi, ƙannenshi ke yi, kuma duk sun san ni. Tun daga nesa suke kira, “Ga Inna mai tsoro nan, a ba ta ƙwaryarta!” Mata su yi dariya, wasu cikinsu ni na yanke masu cibi. In ce, “Ni ce, ku matsa mani tsakiya.” In zauna a ƙasa, masara a cinya, in fara kwasa.