Itatuwan da Inna ta ɗaura wa ƙyalle

Shekarar da aka fara kawo tarakta haya garinmu, can wajen Rogo Ruma, Baba ya rantse sai ta shiga gonarmu. Fari ya riga ya gasa mu, kowa neman yadda zai faɗaɗa noma yake yi. Sharaɗin mai tarakta ɗaya ne: a tumɓuke duk wani kututture da tohon itace, kada garmarsa ta karye. Masu motar itace daga Kano kuwa suna bakin hanya, suna jiran abin da za a sare.

Inna ta ce a sare komai, ban da tohon da take raino. Marke ne da ɗorawa da kanya, wasu ko ƙuguna ba su kawo ba. Baba ya tambaye ta ko inuwa za mu ci.

A wajenmu, in aka ɗaura wa toho ƙyalle to yana da mai shi, ko makiyayi ya gani sai ya kauda shanunsa. Da safe Inna ta ciro zanen aurenta, saƙin da ko taɓawa ba ta bari mu yi, ta hau yayyagawa. Wallahi sai da na yi kuka, don na daɗe da sa ran ni za ta ba. Muka bi gonar muna ɗaurawa. 'Yan sassaben da Baba ya ɗauko suka zo suka ga ƙyallaye ko'ina, suka saɓa gatarinsu suka juya. Baba ya yi fushi har ya ƙaurace wa tuwonta, tarakta kuma ta wuce gonar maƙwabta.

Kafin in yaye ɗana na uku, gonakin da ke kewaye da mu sun zama fetal, ruwa na kwashe ƙasarsu. Tamu kuwa, masha Allah! Inna kan ba da reshe ga mai bukata, amma sara daga tushe, ko liman bai isa ba. Har itacen rufe kabari gonarmu ake zuwa nema, don ya ƙare a ko'ina. Ina alfahari da wannan, kuma ba na ɓoyewa.

Ranar da Inna ta rasu, samari suka ɗauki gatari za su samo itacen kabarinta. Baba, da ƙyar yake takawa, ya bi su har gona. Ya dafa babban marken, ya ce, "Reshe kawai, yara. Ba ta yarda a sare daga tushe ba."