Ranar Da Aka Auna Binciken Malam Sagir

Har gobe ban manta da ranar da kwamitinmu ya zauna a kan Malam Sagir ba, kuma duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci sabo fil. Lokacin soja ba su daɗe da miƙa mulki ba, ni kuma ina babban lakcara a sashen koyar da aikin akanta. Ku da kuka zo daga baya, bari in yi muku bayani. Duk wanda jami'a ta ɗauka koyarwa, gwaji ake ba shi na 'yan shekaru. In wa'adi ya cika sai kwamiti ya duba aikinsa, ko a tabbatar da shi ko a sallame shi. Malam Sagir an riga an ƙara masa wa'adi sau ɗaya, don haka wannan zaman shi ne na ƙarshe. Ga shi da iyali, ga tsohuwarsa a hannunsa.

A shekarar ce aka shigo mana da sabon tsari, wai mu ma sai mun goga kafaɗa da jami'o'in waje. Da can karanta binciken mutum ake yi. Yanzu kuwa aka ce a ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci takardarsa a nasu rubuce-rubucen. Wai yawan ambato shi ne yawan tasiri.

Fannin Malam Sagir lissafin muhalli ne, wato auna asarar da sana'a ke jawo wa maƙwabtanta, wadda ba ta fitowa a lissafin riba. Ya ɗauki masu rinin zamani na wata unguwa a Gwale, waɗanda ke tuttular da ruwan sinadari a kwata. Yaron nan lungu-lungu ya bi, gida-gida, ya nuna yadda rijiyoyi suka lalace har mutane suka koma sayen ruwan garuwa. Da ya gama bai tsaya nan ba, ya kai wa mai unguwa, ya yi masa bayani da Hausa. Mai unguwa ya tara masu rinin, aka yi cacar baki, daga ƙarshe suka haƙa ramuka suka shafe da siminti. Ba labari aka ba ni ba. Ni ɗan Mandawari ne, ta nan nake wucewa, na ga kwatar ta daina yin shuɗi. Sai dai a ƙaramar mujallarmu ta gida aka buga aikin, wadda ko a intanet babu ita. Wa zai ambace shi?

Tare da shi ake duba wani lakcara, Malam Nura, wanda takardarsa ta fito a mujallar waje, ambato kuwa ga shi nan rututu. Abin ya ba ni mamaki, domin na karanta takardar, ban ga abin a zo a gani ba. Sai na je wani shagon intanet a wajen Shahuci na yi ta zaman jiran shafi ya buɗe, har na karanta abin da masu ambaton suka ce. Innalillahi! Ashe yawancinsu ƙaryata shi suke yi. Ya lissafa asara guda sau biyu, kowa ya zo sai ya kafa misali da shi a kan yadda ba a yi.

Ranar zama na ajiye wannan a gaban shugaban kwamiti, wani farfesa da ba zan kama sunansa ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan ba yabonsa suke ba, gyara masa kuskure suke yi."

Ko kallon takardun bai yi ba. Ya ce, "Malam Habibu, ƙa'ida ambato ta ce, ba ta ce yabo ba."

Na ce, "To na Sagir fa? Unguwa guda ta amfana. A tashi mota yanzu mu je ku gani da idonku."

"Mu ba ma'aikatan tsafta ba ne," in ji shi. "Mai unguwa ya rubuta takarda ya ambace shi?"

Aka yi dariya. Wallahi dariyar nan ta fi maganar ƙona min rai. Na miƙe tsaye na ce, "Yanzu tsakaninku da Allah, wa ya karanta aikin yaron nan a cikinku?" Wani ya ja rigata ta baya yana cewa in yi haƙuri, kada in jawo wa kaina. Aka ɗaga hannu, aka tabbatar da Malam Nura, aka sallami Malam Sagir. Ni ba na jin haushin Nura, bawan Allah ne, kuskure ya yi kamar kowa. Haushina yana kan manya masu furfura da suka zaɓi ƙirga saboda ta fi karatu sauƙi.

Bayan la'asar Malam Sagir ya same ni a zauren gidana. Bai yi ƙorafi ba. Tambaya ɗaya ya yi min: "Malam, don Allah akwai wanda ya karanta a cikinsu?"

Na so in rufa musu asiri, na kasa. Na ce, "Ni kaɗai ne."

Ya ce, "To, Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri." Ya sa takalmansa ya fita.

Abin da na koya shi ne, ma'aikaci yana kallon abin da ake aunawa, can yake karkata. Daga shekarar nan ƙananan lakcarorinmu suka daina shiga cikin gari. Kowa ya kawo maka batun bincike, kafin ka buɗe baki sai ya ce, "Malam, za a ambata kuwa?" Ban ga laifinsu ba, sun ga abin da aka yi wa ɗan'uwansu. Don haka ku da za a ɗora a kwamiti gobe, don girman Allah ku buɗe takardar mutum ku karanta kafin ku ɗaga hannu.

Malam Sagir yana nan da ransa, yana taya yayansa tsaron shagon atamfa. Muna gaisawa in mun haɗu. Tun daga ranar bai sake rubuta ko layi ɗaya ba.