Shaidar da Na Bayar Cikin Fushi

A ikilisiyarmu ta Samaru, kowace Lahadi kafin wa'azi akwai lokacin shaida. Mai jagorar sujada zai ɗaga makirufo ya ce duk wanda Ubangiji ya yi wa wani abu ya fito ya faɗa. Sai ka ga layi. Wannan ɗanta ya samu shiga jami'a, wancan an yi masa aiki a asibiti ya tashi, wata kuma ɓarayi sun shiga gidan maƙwabta sun tsallake nata. Mu matan zumunta, ƙungiyar matan ikilisiya, muna gefe da zanenmu iri ɗaya, ni ce mai buga tulu, kowa ya gama mu raka shi da waƙa har kujerarsa. Shekara da shekaru ina wannan aikin, ban taɓa tambayar kaina a wane benci maƙwabtan da ba a tsallake ba suke zaune ba.

Maigidana mai walda ne a Chikaji. Kullum da safe yakan hau bas daga Samaru zuwa Sabon Gari, daga nan ya ƙarasa da ƙafa. Wata Talata tirela ta ƙwace wa direbanta a wajen Kwangila, ta hau kan bas ɗin. Ina cikin aji ina koya wa yara lissafi aka leƙo aka ce in zo. Maigidan nawa nan take ya cika. Wadda ke zaune kusa da shi 'yar zumuntarmu ce, mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari, ita karayar hannu kawai ta samu.

Masu gaisuwa sun cika mana gida, kowa da abin da ya haddace. Nufin Allah ne. Allah ya fi mu son shi. Ina gyaɗa kai, amma a raina ina tambaya. Ya fi ni son shi, shi ne ya bar ni da yara huɗu da kofin kununsa da ban ko wanke ba? Na haɗiye, don matar mamaci ba ta musu da masu gaisuwa.

Bayan wata biyu shugabar zumunta, tsohuwar da duk muke kira Mama, ta zo ta ce zaman ɗaki ya isa haka, tulu yana jirana. Na ɗaura zanena na tafi. Ba wanda ya gaya min ranar ce mai atamfa za ta yi godiya. Sai ga ta tun daga ƙofa tana takowa da rawa, hannu a rataye, dangi da 'yan kasuwa a bayanta ɗauke da doya da kwalayen lemo. Ni kuwa ina bugawa, don hannu ya saba. Ta karɓi makirufo ta ba da labarin bas ɗin kaf, sannan ta ce: "Allah ya san nasa. Mutuwa ta zo ta ga ni tasa ce, ta wuce."

Majami'a ta ɗauka da Haleluya. Na ajiye tulun a ƙasa, na bi ta tsakiyar mutane na fita.

To mijina na wa ne? Mutumin da ya yi wa wannan majami'ar ƙofofin ƙarfe da hannunsa, wanda ko zazzaɓi ba ya hana shi addu'ar safe. Shi ne mutuwa ta duba ba ta ga alamar Allah a kansa ba? Daga ranar na daina zuwa sujada, na daina addu'a, ko ta cin abinci. Abin da ke gabana a fili yake: ko dai in bar Allah da ikilisiyarsa gaba ɗaya, ko in samu wurin zama a ciki da fushina. Ban kuwa ga alamar akwai irin wannan wurin ba.

Fasto ya zo gida. Ya fara da cewa wahala gwaji ce, tana tace bangaskiya, kuma Allah yana ganin abin da ba ma gani. Na bar shi ya kai aya, sannan na tambaye shi ko mijina ba na Allah ba ne. Ya ce ba haka matar take nufi ba. Na ce ai ba ita kaɗai ba ce, kowa ya ce Haleluya, har da shi, da idona na gan shi yana tafi. Gaskiya zan faɗa, bai kare kansa ba. Ya ce bai san dalilin da ya sa aka ɗauki ɗaya aka bar ɗaya ba, kuma ƙarya zai yi in ya ce ya sani. Abin da ya sani kawai shi ne Ɗan Allah ma ba a tsallake shi ba, a kan gicciye ya tambayi dalili da babbar murya, ranar kuma ba a amsa masa ba. Na ce masa wannan ba zai dawo min da kowa ba. Amma bayan ya tafi maganar ta maƙale min kamar ƙayar kifi. Ashe ana iya tambaya a ci gaba da zama ɗa.

Na yi watanni ina kauce wa layin masu atamfa, har ranar da sayen yadin makarantar yara ya kai ni. Ta hango ni, ta fito ta riƙe min hannu ta ja ni cikin shago. Kafin in buɗe baki ta fashe da kuka. Ta ce ita ba ta so yin godiyar nan ba, danginta ne suka ce butulci ne mutum ya fita daga irin wannan hatsari ya yi shiru. Kalmomin kuma ba nata ba ne, abin da ta taso tana ji ana faɗa ne. Ta ce har yanzu in bas ya kusa Kwangila sai ta sauka ta taka da ƙafa ta hau wani a gaba. Ban ce na yafe ba, ban kuma zage ta ba. Na fito da haushi fiye da yadda na shiga, don yanzu ba sauran wanda zan ɗora wa laifi sai Shi kansa.

Lahadin da ta biyo na shirya na tafi, ba zanen zumunta. Da aka kira masu shaida na tashi na shiga layi. Mai jagora ya gan ni ya yi murmushi, ya ɗauka na warke na zo godiya. Na karɓi makirufo.

"Shaidata ita ce Allah bai ceci mijina ba. Na roƙe shi kullum ya kai shi ya dawo da shi, bai yi ba. Ina fushi da shi, ban kuma san dalilinsa ba. Mijina nasa ne, kamar kowa a nan. Na dawo ne don ba ni da wani wurin da zan kai wannan fushin sai gidansa."

Ba Amin, ba Haleluya. Matan zumunta sun rasa waƙar da za su ɗauko. Mai jagora ya miƙo hannu zai karɓe makirufo, yana satar kallon Fasto, Fasto ya girgiza masa kai. Na tsaya ina jira a ce in zauna.

Sai na ji ƙarar sanda. Mama ce ta miƙe tana dogarawa, ta taho a hankali har inda nake. A bayanta wani dattijo da matarsa ta rasu wajen haihuwa ya tashi, sai wata, sai wani, har layin ya kai ƙofa. Mutanen da na yi shekaru ina gaisawa da su ne, ban taɓa ganin ɗayansu a wannan layin ba.

Mama ta ce: "'Ya'ya uku na binne. Ban taɓa faɗa a nan ba, na ɗauka ba a so."

Hannunta ya kasa riƙe makirufon, sai na riƙe mata ta ci gaba.